Fadar Barsai da Tarihin Karo-karon da Ya Hana Ta Rushewa

Gabatarwa

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, in mai ɗakin ya kau fa, wa zai san wurin yoyon, wa kuma zai biya magini? Wannan tambaya ta daɗe tana damun kowace ƙasa da ta gaji manyan gine-ginen sarakuna, domin sarki yakan yi gini da ƙarfin mulki da kuɗin haraji, amma ginin yakan daɗe bayan mulkin ya wuce, ya zama kaya a wuyan mutanen da ba su suka sa aka yi shi ba.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi tarihin gida ɗaya irin wannan, watau fadar Barsai ta ƙasar Faransa, wadda masu ita ke rubutawa Versailles. Za mu duba yadda aka gina ta, da yadda aka watsar da kayanta, sa'an nan mu tsaya a kan hanyoyin da aka bi aka tara kuɗin gyaranta cikin shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, babban abokin gaban wannan fada ruwan sama ne, kuma kyautar da ta fi yi mata amfani ita ce wadda aka kashe a kan rufi da indararo.

Asalin Fadar

Barsai a dā ƙauye ne, kimanin kilomita 20 yamma da birnin Faris. A 1623 Sarki Luwi na 13 ya gina ɗan masauki a wurin don ya riƙa kwana in ya fita farauta. Ɗansa, Luwi na 14, wanda ya yi sarauta daga 1643 zuwa 1715, shi ne ya mai da masaukin nan fada. Ya soma aikin a 1661, ya tara gwanayen zamaninsa: Le Vau da Mansart a kan gini, Le Nôtre a kan lambuna, Le Brun a kan zane-zane. A 1682 ya tare a can da fadawansa da ma'aikatan mulki duka. An rubuta cewa a 1685 ma'aikata wajen 36,000 ne ke aiki a cikin ginin da filayensa.

Ɗakin da ya fi suna a fadar shi ne Zauren Madubai, wanda aka gina tsakanin 1678 da 1684. Tsawonsa mita 73 ne, yana da tagogi 17 suna duban lambu, da madubai 357 a jikin bangon da ke fuskantarsu, rufinsa kuma daga ciki an cika shi da zanen yaƙe-yaƙe da nasarorin sarki. A yau ana lissafa ɗakunan fadar sun kai 2,300, filinta kuwa ya haura hekta 800, cike da itatuwa da tafkuna da famfunan ƙawa masu feshin ruwa da mutum-mutumin dutse da na tagulla.

Duk wannan da kuɗin talakawa aka yi shi. Kuma tun mai ginin yana da rai aka ga alamar cewa gidan ya fi ƙarfin aljihu. A 1689, da yaƙi ya cinye baitulmali, Luwi na 14 da kansa ya sa aka kwashe tebura da kujeru da fitilun azurfa zalla da ke cikin fadar aka narkar, aka buga kuɗi da su aka biya soja.

Gwanjon Shekara Guda

Wajen shekara ɗari sarakunan Faransa suka yi suna mulki daga Barsai. Ran 5 ga Oktoba 1789, cikin farkon juyin juya halin Faransa, matan Faris suka taso a ƙasa saboda tsadar burodi, suka yi wa fadar tsinke. Kashegari aka tasa Luwi na 16 da iyalinsa zuwa Faris, ba su sake komowa ba. A watan Janairu 1793 aka fille masa kai.

Sabuwar gwamnati ba ta rushe ginin ba, amma ta kwashe abin da ke ciki. Zane-zanen da suka fi daraja aka kai su gidan kayan tarihi na Louvre a Faris. Sauran kaya kuwa, watau gadaje da kujeru da akwatuna da darduma da labule da tangaran, aka sa su a gwanjo. An fara buga ƙararrawa a watan Agusta 1793, ba a gama ba sai Agusta 1794, an sayar da kashi fiye da 17,000. Dillalai suka saye da araha, kaya masu yawa suka ƙetare teku, daga baya suka ɓulla a gidajen attajiran Ingila da na Amurka. A shekara guda aka watsar da abin da aka yi fiye da ƙarni ana tarawa, kuma kamar yadda za mu gani a gaba, har yanzu ba a gama tsinto shi ba.

Wanda ya fara samo wa kangon nan sabon aiki shi ne Sarki Luwi-Filib, wanda ya hau mulki a 1830. Ya ga cewa jama'a ba za su yarda wani sarki ya sake tarewa a Barsai ba, sai ya mai da ita gidan tarihin ƙasa, ya biya aikin daga kuɗin da ake ware masa na kansa, aka buɗe a watan Yuni 1837. Ya yi ɓarna wajen yin haka, don ya rushe ɗakunan kwanan 'ya'yan sarki da na fadawa masu yawa ya mai da su dogayen zaurukan rataya zane. Amma ya yi abu guda wanda duk abin da ya biyo baya ya dogara a kansa: ya buɗe ƙofa talaka ya shiga. Daga ranar nan gidan ya fara zama na jama'a.

Tarihin duniya ma bai bar fadar ta huta ba. A cikin Zauren Madubai aka yi shelar kafa daular Jamus ran 18 ga Janairu 1871, a lokacin da Jamusawa ke cin galaba a kan Faransa a yaƙi. A cikinsa kuma aka sa hannu a kan yarjejeniyar ƙare Yaƙin Duniya na Farko ran 28 ga Yuni 1919, wadda ta raba Jamus da ƙasashen da take mulka a Afirka, har Kamaru da Togo suka koma hannun Ingila da Faransa. Ashe ke nan mu ma nan abin da aka ƙulla a zauren nan ya taɓa iyakokinmu.

Kyautar Rockefeller

Zuwa farkon ƙarni na 20 fadar ta tsufa ƙwarai. Jamhuriyar Faransa ba ta da sha'awar zuba kuɗi mai yawa a gidan sarakunan da ta tumɓuke. A 1907, bayan jaridu sun yi ta kuka a kan halin da wurin ke ciki, wasu masu kishi suka kafa Ƙungiyar Abokan Barsai, wadda har yau tana nan tana tara gudummawar 'ya'yanta. Sai dai ƙarfinta bai wuce na sayen wani zane ko gyaran wani ɗaki ba. Da yaƙin 1914 ya zo, magina suka tafi fagen fama, kuɗi ya tafi wajen harsashi, aka bar ginin da ruwa da sanyi.

Ya kamata mai karatu ya gane yadda irin wannan gini ke lalacewa. Rufinsa na fallayen dutse ne da darma, a kan manyan katakai. In darma ta tsage ko indararo ya toshe, ruwa sai ya bi ta ciki ya jiƙa katako, katako ya ruɓe, rufi ya lotsa. Daga nan danshi ya sauko kan farar ƙasar da aka yi zane a kanta, fenti ya kumbura ya ɓare. A waje kuma ruwa yakan shiga tsagar dutse, in sanyin hunturu ya daskarar da shi sai ya kumbura ya fasa dutsen, ƙarfen da ke riƙe da mutum-mutumi ya yi tsatsa ya tsaga shi daga ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A wannan hali wani attajirin Amurka, John D. Rockefeller ƙarami, ɗan mai kamfanin man fetur na Standard Oil, ya ziyarci Faransa a 1923, abin da ya gani ya tayar masa da hankali. A watan Mayu 1924 ya rubuta wa shugaban gwamnatin Faransa, Raymond Poincaré, cewa ya ba da dalar Amurka miliyan 1 don gyaran wurare uku: fadar Barsai, da fadar Fontainebleau, da babbar majami'ar Reims wadda igwar Jamus ta ragargaza. A 1927 ya ƙara dala miliyan 1 da dubu 850. Kaso mafi tsoka, fiye da dala miliyan 2, Barsai ya tafi.

Yawan kuɗin abin mamaki ne a zamanin, amma yadda aka kashe su ya fi yawansu muhimmanci. Rockefeller bai miƙa kuɗin ga baitulmali ya juya baya ba. An kafa kwamiti na Faransawa da Amurkawa, ya sa wani masanin gini ɗan ƙasarsa, Welles Bosworth, ya zauna a Faransa yana bin aikin yana duba lissafi. Aka kuma fara da abin da ba ya ɗaukar ido: aka sake rufi, aka canja ruɓaɓɓun katakai, aka gyara tagogi da magudanan ruwa, aka toshe tafkunan da ke tsiyaya, aka ɗaure mutum-mutumin lambu da suka tsage. An tsai da ƙananan fadojin Trianon da ɗan ƙauyen wasa da aka gina wa Sarauniya Mari-Antuwanet, wanda rufinsa na ciyawa ne kamar jinka. Aiki ya kai har 1936.

Kyautar ta yi wani amfani na biyu. Faransawa da yawa sun ji kunya a ce baƙo ne ya zo ya toshe musu yoyon ɗaki, kunyar nan kuwa ta sa gwamnati ta ƙara abin da take warewa don gyaran fadar kowace shekara. Har yau akwai titi a garin Barsai mai sunan Rockefeller.

Gidauniyar 1952

Yaƙin Duniya na Biyu ya mai da hannun agogo baya. An kwashe kayan daraja an ɓoye a wasu gidaje na karkara, sojan Jamus suka mamaye garin, ɗakuna suka yi shekaru ba a dumama su. Zuwa 1951 ruwa na ɗiga a cikin Zauren Madubai kansa, ɗakin wasannin sarki kuma katakansa sun ruɓe.

A wannan karon ba a jira baƙo ba. A farkon 1952 ƙaramin ministan da ke kula da al'adu da fasaha, André Cornu, ya shiga gidan rediyo ya yi wa 'yan ƙasa jawabi, ya gaya musu gaskiyar halin da ake ciki, ya ce ana bukatar faran biliyan 5 cikin shekara biyar. Aka kafa kwamitin ƙasa na ceton fadar, da rassa a larduna. Gwamnati ta ɗauki kasonta, jama'a suka ɗauki nasu, tun daga masu masana'antu har yaran makaranta. Da yayyafi kogi kan cika.

Aka kuma ƙirƙiro dabarun sa fadar ta nemo wa kanta kuɗi. An ware mata wani kaso daga reful na ƙasa. Daga 1953 aka soma wasan dare na fitilu da murya, inda 'yan kallo ke biya su zauna a lambu a haska musu ginin ana ba su labarinsa. Wani mai shirya wasannin sinima, Sacha Guitry, ya ɗauki fim na tarihin fadar a cikinta, aka nuna shi a 1954, mutane miliyoyi suka kalla, wani abu daga ribar ya shiga asusun gyara. A watan Afrilu 1957 aka sake buɗe ɗakin wasannin sarki, Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu tana cikin manyan baƙi.

Abin lura a nan shi ne, jikokin mutanen da suka tasa sarki gaba a 1789 su ne suka ciro kuɗi daga aljihunsu don gyaran gidansa. Dalili kuwa shi ne, tun 1837 suke shiga wurin, an kai su suna yara daga makaranta, sun san aikin hannun kakanninsu magina da masassaƙa da maƙera ne. Mutum ba ya yi wa gidan da aka hana shi leƙawa karo-karo.

Tsinto Kayan da Aka Watsar

Da rufi ya samu, sai hankali ya koma kan ɗakunan da ke wayam. Mutumin da ya ɗauki wannan aiki shi ne Gérald Van der Kemp, shugaban masu kula da fadar daga 1953 zuwa 1980. Hanya uku ya bi. Ta farko, ya matsa wa gwamnati har ta yi doka a 1961 cewa kayan Barsai da ke warwatse a ma'aikatu da sauran gidajen gwamnati a mai da su inda suka fito. Ta biyu, abin da ya ɓace ƙurmus ya sa aka sake yin irinsa: masaƙan birnin Lyon suka koma kan tsofaffin masaƙun hannu suna saƙa alharini mai zaren zinariya, 'yan santimita kaɗan a yini, har aka shekara da shekaru kafin a gama kayan ɗakin kwanan sarauniya a 1975, da na sarki a 1980. Ta uku, ya shiga farautar attajirai.

A wannan fanni na uku ba a taɓa yin kamarsa ba. Shi da matarsa Florence, Ba'amurkiya, sukan shirya liyafa a cikin fadar su gayyato masu hannu da shuni, kowa ya tashi ya ɗauki nauyin wani ɗaki ko ya mai da wata kujera da kakansa ya saya. A 1970 suka kafa gidauniya a birnin New York, don Ba'amurke ya iya bayarwa a ƙasarsa ya sami rangwamen haraji. Ran 28 ga Nuwamba 1973 aka yi wani bikin nuna tufafi a ɗakin wasannin sarki, gwanayen ɗinki biyar na Faransa suka kara da biyar na Amurka a gaban baƙi wajen 700. An tara dala 280,000 a daren. Ana tuna bikin har yau saboda wani dalili dabam, watau goma daga cikin matan da Amurkawa suka kawo don nuna tufafin baƙaƙen fata ne, abin da ba a saba gani ba a irin wannan taro a lokacin.

Amma saye da tsada ake yi. A 1999, a wani gwanjo a birnin Landan, sai da aka biya wajen fam miliyan 7 kafin a komo da akwatin aljihuna guda ɗaya tak, aikin masassaƙi Riesener, wanda dā yake ɗakin karatun Luwi na 16. In aka tuna kashi 17,000 aka sayar, mai karatu zai gane cewa ba ranar da za a gama.

Guguwar 1999 da Karo-karon Itatuwa

Da asubahin 26 ga Disamba 1999 wata guguwa mai tsanani ta ratsa arewacin Faransa. Cikin 'yan sa'o'i ta tumɓuke itatuwa wajen 10,000 a filin Barsai, cikinsu har da waɗanda aka dasa tun zamanin Mari-Antuwanet da Napoliyon. Hukumar fadar ta yi shela ga duniya cewa duk mai so ya ɗauki nauyin itace guda a kan faran 1,000. Mutane daga ƙasashe da yawa suka amsa, da makarantu da garuruwa da kamfanoni.

Sai dai masana itatuwa sun faɗi wata gaskiya mai ɗaci. Irin wannan lambu ana sare shi a sake dasawa kamar sau ɗaya a ƙarni. An yi haka a zamanin Luwi na 16 wajen 1775, an kuma yi daga wajen 1860. Da lokacin na uku ya zo aka yi ta jinkiri, don ba mai son a gan shi yana sare tsohon itace, sai bayan wata guguwa ta 1990 aka soma. Saboda haka iskar 1999 ta tarar da itatuwan da suka riga suka tsufa suka yi rauni. Ɓarnar da aka ɗora wa iska, rabinta ta sakaci ce.

Dabarar nan ta “ɗauki nauyin abu guda” ta karɓu ƙwarai, aka faɗaɗa ta. Daga 2005 aka fara neman masu ɗaukar nauyin mutum-mutumin lambu ɗaya ɗaya: a wanke na asalin a gyara, waɗanda suka fi daraja a shigar da su ɗaki inda ruwa ba zai taɓa su ba, a kafa kwafinsu a waje. Daga baya har bencin zama aka sa a wannan tsari. Hikimar abin ita ce, mai bayarwa ya san inda kuɗinsa ya tafi, yana iya zuwa ya tsaya a gabansa ya nuna wa 'ya'yansa.

Kamfanoni da Abin da Ke Biye da Kuɗinsu

A 2003 Faransa ta yi abu biyu. Ta tsara babban shirin gyaran Barsai na kimanin yuro miliyan 500 cikin shekara 17, ta kuma yi dokar da ta yafe wa kamfani kashi 60 cikin ɗari na abin da ya bayar kyauta daga harajinsa. Nan da nan manyan kamfanoni suka shigo. Kamfanin gine-gine na Vinci ya kashe yuro miliyan 12 ya gyara Zauren Madubai daga 2004 zuwa 2007. Kamfanin agogo na Breguet ya ɗauki ƙaramar fadar Trianon, aka gama a 2008. Kamfanin tufafi na Dior ya gyara gidan sarauniya da ke ɗan ƙauyen nan, aka buɗe a 2018.

Ba mai musun cewa an yi aiki. Amma akwai abubuwa uku da ya kamata a auna. Na farko, tun da dokar 2003 ta yafe kashi 60 daga haraji, to, fiye da rabin kyautar kamfani a gaskiya kuɗin jama'a ne, sunan kamfani kuwa shi ke kan allo. Na biyu, mai kuɗi ya fi son abin da ke ƙyalli. A 2008 aka sake ƙera babbar ƙofar ƙarfe ta sarki, wadda aka cire tun zamanin juyin juya hali, tsawonta mita 80, aka lulluɓe ta da fallayen zinariya 100,000, a kan yuro miliyan 5 na masu taimako. Wasu masana tarihi suka soki aikin, suka ce wannan sabon abu ne aka yi da sunan tsoho, alhali ga tsofaffin na gaske suna jiran gyara. Wayoyin lantarki da bututun dumama ɗaki da kayan kashe gobara kuwa, waɗanda su ne ke tsare gidan daga halaka, da wuya a sami mai rububin biyansu, galibi sai gwamnati da kuɗin ƙofa.

Na uku, inda kuɗi ya taru da ɗoki, macuta na nan kusa. A 2016 aka gano cewa wasu kujeru da fadar ta saya tsakanin 2008 da 2012 a kan kimanin yuro miliyan 2.7, da sunan na zamanin sarakuna ne, ashe jabu ne. Wani shahararren masanin kujerun ƙarni na 18 ne ya haɗa baki da wani gwanin masassaƙi suka ƙera su da tsohon katako. Kotu ta same su da laifi a 2025.

Kuɗin ƙofa ma ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari. A 2019 baƙi wajen miliyan 8 suka ziyarci wurin, mafi yawansu daga ƙasashen waje. Da annobar korona ta sa aka rufe a 2020, kuɗin shiga ya yanke, sai da gwamnati ta kawo ɗauki. Duk da haka akwai abin ƙarfafa zuciya: gyaran majami'ar fadar da aka yi daga 2017 zuwa 2021, wanda gidauniyar Philanthropia ta ƙasar Suwizalan ta ɗauki mafi yawan nauyinsa, a kan rufi da katakai da tagogi aka yi shi, watau an komo kan tafarkin 1924.

Kammalawa

In muka tattara abin da ya gabata, za mu ga Barsai ta tsaya ne a kan duwatsun murhu uku: kuɗin gwamnati na kowace shekara, da kuɗin ƙofa, da gudummawar masu taimako manya da ƙanana. Duk lokacin da aka janye na farko, kamar a shekarun yaƙi, sauran biyun ba su iya riƙe tukunyar ba. Gudummawa ta yi amfani ne a inda aka faɗi gaskiyar ɓarnar a fili, aka sa masana suka tsara abin da za a fara yi, aka kuma nuna wa mai bayarwa lissafi.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce gare mu, don gine-ginenmu na ƙasa sun fi dutsen Faransa tsoron ruwa nesa ba kusa ba. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa yaɓe da gyaran indararo suka zama aikin kowace shekara, ganuwa kuma ake fita gayya a gyara ta da umurnin sarki. Da Turawa suka ci Kano a 1903 ganuwa ta daina tsare kowa daga hari, gayyar ta mutu, abin da ya rage na ganuwar da aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu kowa na ganin halin da yake ciki. Gidan Rumfa ya tsira domin mai shi na ciki, Gidan Makama kuma domin an mai da shi gidan kayan tarihi jama'a na shiga. Waɗanda ba su sami ko ɗaya daga cikin biyun nan ba fa, irin tsofaffin soraye da zaurukan da magina suka yi wa daurin guga da zayyana a biranenmu, su ne kowace damina ke rage mana.

Ba sai mun jira wani Rockefeller ba. Muna da attajirai, muna da masarautu, muna da al'adar gidauniya wadda ake tara miliyoyi a yini guda. Abin da ya rage shi ne a rubuta sunayen gine-ginen da halin da kowanne ke ciki, a nemi tsofaffin magina tun suna da rai a koyi aikinsu, a kuma fara da rufi kafin fenti. Rubutawar nan da tambayar magina aikin ɗalibai ne, kuma bai fi ƙarfin ƙungiya irin tamu ba. Allah ya sa mu gaji abin kirki, mu kuma bar wa na baya.